Ku Tambaya: Shekara Uku a Gindin Na'urar Hoton Ƙwaƙwalwa

Tun ranar da na yi suɓul da baka a wannan shafi na ce na taɓa yin shekara uku ina mataimakiyar bincike a wata cibiyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ke arewacin Ingila, saƙonni ba su daina shigowa ba. Edita ta tara mini su, na tsamo guda bakwai. Masu neman maganin ciwon kai da mantuwa ku yi mini afuwa, ni ba likita ba ce, asibiti za ku nufa.

TAMBAYA: Anti, ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. Ina yawan ganin ana neman mataimakin bincike a fannin ƙwaƙwalwa da tunani. Wai me ake yi ne daga safe zuwa yamma?
Wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Ƙanwata, na san hoton da ke ranki, don ni ma da shi na hau jirgi: farar riga, ƙaton allo, ƙwaƙwalwa tana walƙiya ja da ruwan ɗorawa, ke kuma kin dafe haɓa kina tono asirin ɗan Adam. A makona na farko, abin da aka miƙo mini wayar tarho ce da sunayen mutum sittin, aka ce in kira su ɗaya bayan ɗaya in tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsu.

Fannin dai tambaya ɗaya yake bi, amma mai rassa: yaya wannan dunƙulen da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, mai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, yake samar da mai da hankali, da tuna abu, da magana, da yanke shawara? Mu a rukuninmu mai da hankali muka sa a gaba, kuma gwajin da muka fi dogara da shi ya girmi kakata, domin John Ridley Stroop ya wallafa shi tun 1935. Ki gwada shi yau a gida. Rubuta kalmar JA da koren biro, ki nuna wa ƙaninki, ki ce maza ya faɗi launin tawadar. Za ki ji harshensa ya ɗan yi tuntuɓe, saboda ido ya riga ya karanta kalmar kafin baki ya lalubo launin. Wannan ɗan jinkirin da bai wuce ƙiftawar ido ba, shi na yi shekara uku ina aunawa.

Ranar ɗaukar hoto takan fara da bakwai da rabi na safe. Kafin a sa mutum a na'urar MRI, wato injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar, wata kwalba mai ruwa ake fara sawa a ɗauki hotonta, a tabbatar na'urar ta tashi lafiya. Sai ɗan sa-kai ya iso. In zaunar da shi, in karanta masa takardar amincewa, in sake yi masa tambayoyin ƙarfen da na riga na yi masa a waya, in koya masa gwajin a kwamfuta har ya gane. Daga nan a kwantar da shi, a toshe masa kunne, a tokare kansa da soso dama da hagu, a daidaita ɗan madubi a saman idonsa don ya riƙa hango allo, a sa masa akwatin maɓallai a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma wata 'yar ƙwallon roba da zai matsa in ya ji ba zai iya ba. Ni da mai sarrafa na'urar mu koma bayan gilashi. Kusan awa guda ina magana da shi ta lasifika: "Kana yi da kyau, saura zango biyu, don Allah kar ka motsa." Wannan "kar ka motsa" na faɗe ta har ina yin ta a mafarki. In kai ya gusa da milimita biyu ko uku, sau da yawa aikin wannan awar ya tashi a banza, alhali kowace awa ɗaruruwan fam ake cirewa daga kuɗin binciken. Wasu kuma barci suke yi. Eh, a cikin wannan ƙarar. Sai ki ga maɓalli ya yi shiru, ki duba kyamara ki ga bawan Allah ya yi nisa.

Wannan kwana biyu ke nan a mako. Sauran kwana ukun kujera ce da kwamfuta: duba hotuna ɗaya-ɗaya ko akwai wanda ya lalace, sauya sunayen mutane da lamba, rubuta 'yan umarni da harshen kwamfuta na Python, cika takardun kwamitin ɗa'a, bin wanda ya yi alkawari bai zo ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya koya mini aikin. Na'urarmu takan watsar da hotuna huɗu na farko kafin ta daidaita, kowane hoto kuma daƙiƙa biyu yake ci. Ni kuwa da na zo lissafin lokacin da kowace kalma ta bayyana a allo, sai na manta ban cire waɗannan daƙiƙu takwas ɗin ba. Mutum goma sha ɗaya na yi wa haka. Sakamako ya fito shirme, Farfesa shugabar rukuninmu ta yi mako biyu tana juya kai tana zargin dabarar binciken nata. Daren wata Laraba na gano ni ce. Ban yi barci ba. Shaiɗan ya yi ta raya mini in gyara a ɓoye in ce kwamfuta ce ta yi hauka. Da safe dai na shiga ofishinta da littafina, muryata na rawa na faɗa mata. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Madalla, ashe dabarar tana nan da ranta. Rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ki sa a jakar aikin inda kowa zai gani." Shi ke nan. Daga ranar ta fara ba ni ayyukan da ba ta ba kowa. Da ta zo rubuta mini takardar shaida ta neman digiri na uku, wannan kuskuren ta kafa hujja da shi.

TAMBAYA: Malama, na ji a rediyo wai Turawa sun ƙera injin da ke karanta abin da ke zuciyar mutum, har ya gane maƙaryaci. Da gaske ne?
Wani malamin makaranta, Maraɗi

AMSA: Malam, da haka ne da ɗalibanka sun shiga uku. Na'urar ba ta ganin tunani. Kai, ko ƙwayoyin jijiyar ma ba ta gani suna aiki. Jini take bi.

Ga yadda abin yake. Ita na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ce. A 1990 wani masani ɗan Japan mai aiki a Amurka, Seiji Ogawa, ya nuna cewa jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta ba hali ɗaya suke nunawa a cikin maganaɗisu ba. In wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, sai jiki ya turo masa sabon jini har fiye da buƙatarsa, siginar wurin ta ɗan ɗaga kaɗan, da ƙyar ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Kuma jinin ba ya sauri: sai bayan daƙiƙa biyar ko shida yake kai ƙololuwa, alhali ƙwayoyin jijiya sun gama zancensu tun tuni. Ka ɗauka ka hau tudu kana hangen gari, ka ga 'yan garuwa suna ta ɗibar ruwa zuwa wani gida. Za ka iya cewa gidan can ana hidima. Amma suna ne, aure ne, ko zaman makoki, balle abin da ake faɗa a uwar ɗaka, wannan kuma sai ka yi hasashe.

Launukan nan da kake gani a jarida kuwa, mu muke shafa su. Kwamfuta takan yanka ƙwaƙwalwa zuwa 'yan ƙananan akwatuna dubbai masu yawa, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, amma cikinsa akwai ƙwayoyin jijiya dubu ɗaruruwa. A kowane akwati sai a yi lissafi: shin siginar nan tana tashi daidai lokacin da mutum ke gwajin? Inda lissafi ya ce eh, a shafa ja. To, wanda ya yi tambaya sau dubu ɗari, dole wasu amsoshin su zo daidai bisa katari. Wani matashin mai bincike, Craig Bennett, ya nuna wa duniya haka a 2009 ta hanya mai ban dariya. Ya sayo kifin salmon matacce, ya kwantar da shi a na'ura, ya nuna masa hotunan mutane, ya kuma "tambaye" shi wane hali suke ciki. Da aka yi lissafi ba tare da gyaran da ya kamata ba, sai ga ƙwaƙwalwar mataccen kifi ta kama wuta. A 2012 aka ba shi da abokan aikinsa kyautar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke sa dariya sannan ya sa tunani. A ɗakinmu hoton kifin nan yana manne a jikin firiji. A 2016 kuma Anders Eklund da abokansa biyu suka nuna cewa wasu saituna na manhajojin da kowa ke amfani da su suna iya ba da sakamakon ƙarya har kashi 70 cikin ɗari, a inda ake zaton kashi 5 ne. Na tuna makon da maganar ta iso mana, kowa ya koma yana tono tsohon aikinsa.

Batun kama maƙaryaci, an kai shi har gaban alƙali. A 2010 wata kotun tarayya a jihar Tennessee ta Amurka ta ƙi karɓar irin wannan hoto a matsayin shaidar gaskiyar wanda ake tuhuma.

Amma kar in rage wa na'urar daraja. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij sun sa wata matashiya 'yar shekara 23 da ta yi hatsarin mota, wadda ba ta motsi ba ta amsawa, har likitoci sun ɗauka ba ta san inda take ba. Suka ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sai sashen tsara motsi ya tashi. Suka ce ta raya tana zaga ɗakunan gidansu, sai sashen sanin wurare ya tashi, daidai da yadda na masu lafiya ke yi. Ashe tana ji. Duk sanda na karanta wannan aikin sai tsigar jikina ta tashi.

TAMBAYA: 'Yata, ɗana yana karatu a Jamus, ya ce mini zai shiga wannan injin don a biya shi 'yan kuɗi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ba ya ƙona jini ko ya hana haihuwa?
Wata uwa, Kano

AMSA: Mama, ki kwantar da hankalinki. Ni da kaina na shiga ya fi sau ashirin, don duk sabon gwaji a kanmu ma'aikata ake fara shi, ga ni kuma da 'ya'ya biyu. MRI ba irin hoton ƙashi ba ne, ba kuma siti sikan ba ne. Waɗancan suna amfani da haske mai ratsa jiki wanda ake ƙayyade wa mutum yawansa. Wannan kuwa maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Paul Lauterbur da Peter Mansfield, waɗanda suka share hanyar fasahar, sun karɓi kyautar Nobel a 2003, kuma tun shekarun 1980 asibitoci ke amfani da ita.

Inda haɗarin yake shi ne ƙarfe. Tamu na'urar mai ƙarfin tesla 3 ce, wato wajen ninki 60,000 na maganaɗisun da duniya kanta ke da shi. Kuma ba a kashe shi. Dare da rana, ranar aiki da ranar hutu, yana kunne, domin wayoyinsa suna jiƙe cikin ruwan heliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Almakashi ko makulli, in ya shiga ɗakin, harsashi yake komawa. A 2001, a jihar New York, wani yaro ɗan shekara shida ya rasu saboda an shigo da tukunyar oksijin ta ƙarfe yana kwance a ciki, maganaɗisun ya fizge ta. Duk wanda aka ɗauka aiki sai an ba shi wannan labari a ranarsa ta farko. Shi ya sa tambayoyinmu suke da naci kamar na 'yan sanda: An taɓa yi maka tiyata? Akwai na'urar bugun zuciya a ƙirjinka? Ka taɓa aikin walda, ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa maka ido?

Akwai kuma abubuwan da takardar Turawa ba ta san da su ba, ni na riƙa ƙarawa da baki in na ga namu. Fil ɗin da muke soke mayafi da shi, wanda mace takan manta yana kanta. Kwalli da jagira, domin kwalliyar ido takan ɓata hoton gaban ƙwaƙwalwa, sai an wanke. Wata rana wani ɗan'uwa daga Afirka ta Yamma ya amsa "babu" a kowace tambaya, amma sandar gano ƙarfe ta yi ta kuka a ƙugunsa. Na ja shi gefe na yi ƙasa da murya. Ashe guru ne mahaifiyarsa ta ɗaura masa, ya yi shekaru bai rabu da shi ba. Muka sa a akwatin ajiya, ya kulle da hannunsa, muka rataye makullin inda zai gan shi da ya fito. Don haka Mama, in akwai abin da kika ɗaura wa yaron nan, ki ce masa ya faɗa musu.

Abin da zai dame shi kawai ƙara ce, tana haura desibel 100, kamar ana sara ƙarfe a maƙera, sai kuma ƙuncin ramin. In ya ji ba zai iya ba, ya matsa ƙwallon nan a fito da shi, ba mai tambayarsa dalili.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwarmu kaɗai muke amfani da shi?
Wani ɗan kasuwa, Gusau

AMSA: Alhaji, ba gaskiya ba ne. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cinye kashi 20 na kuzarinsa. Kai ɗan kasuwa ne: za ka riƙa biyan hayar shaguna goma kana buɗe ɗaya? Ko mutum yana kwance ba ya komai, na'ura tana ganin ko'ina ana hada-hada.

TAMBAYA: 'Yar'uwa, na je wani gwaji da ake sa wa mutum hula mai wayoyi, suka duba kaina suka ce gashina ba zai yi ba. Na ji zafin abin ƙwarai. Wariya ce?
Wata 'yar Kumasi mazauniyar Landan

AMSA: 'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni a inda ke mini ciwo, domin ni ma na taɓa mai da mata irinki gida, da hannuna na rubuta "gashi bai dace ba".

Wancan gwajin EEG ne, ya girmi MRI nesa ba kusa ba. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara naɗar wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924. Shi ba jini yake bi ba, wutar ƙwayoyin jijiyar yake saurare kai tsaye, saboda haka ya fi MRI sanin lokaci, MRI kuma ta fi shi sanin wuri. Hularmu mai bakuna 64 ce, kowane baki sai ya taɓa fatar kai. Mukan ɗura wani mai kamar kamu da sirinji marar tsini, muna ture gashi gefe, har kwamfuta ta nuna kore. Gashin Bature a minti ashirin an gama. Namu mai cika da tauri kuwa yakan ɗaga hular sama, in kuma kitso ne, layukansa ba sa faɗawa inda bakunan suke. Sai a yi awa guda ana fama, mutum ya gaji, a ba shi haƙuri.

Ban ce wadda ta mai da ke tana ƙinki ba. Amma an ƙera kayan ne ba a tuna da mu ba, aka yi shekara aru-aru ba wanda ya ga laifin haka, sakamakon kuwa ɗaya ne da na wariya: ba ma cikin bayanan. Maganin ya zo ne daga wata ɗaliba baƙar fata a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne. Ta ce a yi wa mutum kitso wanda tsagarsa ta bi daidai wuraren da bakunan ke zama, ta kuma ƙera wasu 'yan maƙalai da ake soke su tsakanin layukan kitson. Wato abin da kowace makitsiya a zongo ta iya, shi ne ya gagari masana. Bayan na ga wannan, na riƙa zuwa aiki da mataji da tsinken kitso a jaka, kuma na roƙa aka ware ɗaki da ma'aikata mata zalla ga masu lulluɓi.

Matsalar ta wuce gashi. A 2010 Joseph Henrich da abokansa sun ja hankali cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun nazarin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya, galibinsu ma ɗaliban jami'a. Sannan a rubuta "ƙwaƙwalwar ɗan Adam". Ni kuwa nakan yi tunanin yaron da ya haddace izu sittin a allo, ko kunnen Bahaushe da ke raba "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala da karin sauti kaɗai. Ki koma, in kin samu dama, ki tambaye su ko za su yarda ki zo da kitson da ya dace da hularsu.

TAMBAYA: Yaya, ina hidimar ƙasa, kimiyyar kwamfuta na karanta. Ina son wannan fanni, amma a nan ko asibiti sai an yi tafiya kafin a samu MRI. Ta ina zan fara?
Wani ɗan hidimar ƙasa, Gombe

AMSA: Ƙanena, maganarka tana kan hanya. Wata ƙidaya da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka wallafa a 2018 ta samu na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi ne da ba za su yi irin aikin da nake bayani ba. Waɗanda ke akwai ɗin ma marasa lafiya sun fi ka buƙatarsu.

Sai dai ka tuna abin da na gaya wa ƙanwarka ta Zariya: kwana uku cikin biyar a gaban kwamfuta nake. Wannan rabin aikin yana hannunka tun yau. Akwai rumbun OpenNeuro a intanet, inda masu bincike ke zuba hotunan ƙwaƙwalwa na gaske kyauta. Manhajojin sarrafa irin waɗannan hotuna, wato FSL ta Jami'ar Oxford, da SPM ta Landan, da AFNI ta Amurka, duk ɗalibi yana sauke su ba ko sisi. Manhajar PsychoPy, wadda aka ƙirƙira a Nottingham ta Ingila, da ita za ka gina gwajin Stroop naka da Hausa cikin yini guda, ka gwada abokan hidimarka da madannan kwamfuta kawai. Kar ka yi haɗamar sauke rumbu guda, datarka za ta ƙare. Ɗauki mutum ɗaya daga bincike ɗaya, ka bi shi daga ɗanyen hoto har zuwa taswira mai launi, ka rubuta kowane mataki da duk inda ka yi tuntuɓe. Sai ka ƙara na biyu. Akwai kuma Neuromatch Academy, makarantar bazara ta intanet da aka fara a 2020, ana koyar da lissafin ƙwaƙwalwa na 'yan makonni. Wanda ya iya Python kamarka ya riga ya ci rabin hanya. Abin da za ka ƙara shi ne ilimin ƙididdiga, don a nan mutane ke zamewa.

Kar kuma ka raina gida. Maƙwabtanka a Damaturu suna da cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa a 2021. Su aikinsu ya fi karkata ga ƙwayoyin halitta da madubin ƙara girma, amma suna horar da matasa, kuma a irin wurin nan ake haɗuwa da masu nuna hanya. Ka nemi Ƙungiyar Masana Ƙwaƙwalwa ta Najeriya ka je taronta ko da a bayan ɗaki za ka zauna. A Jami'ar Mbarara ta Yuganda ma har ƙaramar na'urar MRI mai arha aka harhaɗa.

In ka zo rubuta wa farfesa, kar ka cika takarda da "ni mai ƙwazo ne, mai biyayya". Na ga irin waɗannan wasiƙu ana share su goma-goma. Ka karanta aikinta ɗaya, ka ce ga abin da ka gane, ga abin da ka gwada da bayanan kyauta, ga inda ya ƙi. Ka kuma sani aikin na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuɗin bincike na ƙarewa gurbin ya tafi. Albashin ya ishe ni hayar ɗaki ɗaya da tukunya da ɗan abin aikawa gida, bai wuce nan ba. Akasarinmu matakala muka ɗauke shi zuwa digiri na uku.

TAMBAYA: Idan kuna cikin bincike kuka ga ciwo a kan mutum, kuna gaya masa?
Wata ma'aikaciyar jinya, Katsina

AMSA: Sista, ke kin san nauyin wannan fiye da kowa. Ana gaya masa, amma ba ni ba. Tun a takardar amincewa an rubuta cewa hotonmu ba na gano cuta ba ne, amma in aka ga abin da ya sa shakka za a tura wa likitan hoto, shi kuma ya rubuta wa likitan mutumin. Wanda bai yarda da wannan sharaɗin ba, ba ya shiga. Wannan takarda ban taɓa karanta ta da gaggawa ba. Ni 'yar Arewa ce, na tashi ina jin labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Abokan aikina suna mini tsiya wai nakan ci minti ashirin a kan shafi biyu.

Sau ɗaya abin ya faɗo a kaina. Wani ɗalibi ne mai fara'a, ya zo a kan keke, yana ta ba mu dariya. Hoton farko na fitowa na ga wani farin tabo kamar gyaɗa a ɓangaren hagu. Na kalli mai sarrafa na'urar, ita ma ta kalle ni, ba wanda ya ce uffan. Muka ƙarasa awar. Ya fito yana miƙa ya ce, "To, yaya, akwai ƙwaƙwalwar kuwa?" Kowa yakan yi wannan barkwancin. Na yi murmushin da aka koya mini, na ce mu ba likitoci ba ne, in akwai wani abu za a tuntuɓe shi. Na ba shi fam ashirin ɗinsa ya sa hannu. Kafin ya kwance kekensa na riga na cika takardar turawa.

Abin da likita ya gani ba a gaya mini ba, doka ma ba ta ba ni ikon tambaya ba. Bayan wata bakwai na hango shi a tashar bas, da jaka a baya, yana cin burodi. Ya gane ni, ya ɗago mini hannu da burodin. Bas ɗina ta zo na shiga.